Kujerar da Inna Ta Ƙi Zama

Shekarar da man fetur ya yi tsadar da masu manyan motoci suka fara neman kai da su, ita ce shekarar da ciwon ƙugu ya kwantar da Inna. Likita a birni ya ce sai an riƙa kawo ta gashi a kai a kai. Daga ƙauyenmu na ƙasar Tofa sai mu ɗora ta a adaidaita sahu zuwa bakin titi, daga nan mu jira bas. Kafin mu dawo gida duk amfanin gashin ya zube a hanya. Ran nan ta ce ita kam ta haƙura, a bar ta da man zafi.

Yayana, wanda shi ne ɗan farinta, yana da fili a Bacirawa da ya saya tun wurin yana gonakin dawa. Gari ya taso ya cim masa. Sai ya sayar, ya ce mota zai saya, babba, wadda Inna za ta shiga ba ta ji hanya ba. Ya iya tuƙi, don ya taɓa ja wa wani ɗan kasuwa mota. Dangi suka yi ta magana, wai ana fama da abin sa wa a baki shi yana zancen mota. Ni ya ɗauka rakiya, tunda ni ke kai Inna asibiti.

A wajen Ungogo muka sami wani dillalin motoci, a wani fili da aka kewaye da waya. Motoci biyu ne suka yi daidai da ƙarfin Yaya, ɗaya baƙa, ɗaya ruwan toka, dukansu dogaye kuma an mora.

"Alhaji, fara da baƙar," in ji dillalin.

"Ban je ba tukuna," in ji Yaya.

"Ai kana shiga wannan, mutanen garinku za su kai ka da baki."

Baƙar tana da kujerun fata da sanyi mai ratsa jiki. Dillalin ya zaunar da ni a gaba, ya danna wani maɓalli, kujera ta kwanta da ni a hankali. Ya danna wani. Jim kaɗan na ji ɗumi yana tasowa ta bayana, daidai ƙugu, kamar an ɗora tsumma mai zafi. Na dubi Yaya, ya dube ni. Lokacin ban fara zuwa ajin yaƙi da jahilci ba, rubutun jikin maɓallan bai gaya min komai ba, amma bayana ya gane.

Dillalin bai ɓoye mana aibinta ba. Ya ce tana shan mai, cikinta yana kusa da ƙasa, kayan gyaranta kuma sai an shiga birni. Ruwan tokar ta girme ta. Kujerunta na yadi ne da ya koɗe, rediyonta ya mutu, sanyinta sai an yi haƙuri. Sai dai ta fi tashi daga ƙasa, ba ta kai waccan shan mai ba, kuma kowane makanike a Tofa ya san cikinta. Ta fi araha ma.

Muka zaga su, muka buɗe but, muka ƙiyasta buhunan da kowace za ta ɗauka, muka daddanna taya. Yaya ya ja kowace a kan kwalta, ina gefensa. A ƙarshe ya ce, "Don ƙugun Inna na sayar da fili, ba don buhu ba." Ya ɗauki baƙar. Ni ma ita na zaɓa.

Ranar zuwa asibiti ya kawo ta har ƙofar gida, ya kwantar da kujerar gaba, ya kunna ɗumin tun kafin Inna ta fito. Na riƙo ta a hankali. Da ta ga ƙofar da aka buɗe mata, sai ta tsaya, ta ja mayafinta, ta dube ni.

"Wa zai ja?"

"Yaya."

"To buɗe min baya."

A nan ne na tuna. Inna ba ta taɓa faɗin sunan Yaya ba. "Wancan" take ce masa. Ba ta cin abinci a gabansa, ba ta zama tabarma ɗaya da shi, in tana da magana da shi ta bakina take bi. Kunyar ɗan fari ce irin ta iyayenmu, mun tashi mun tarar da ita kamar yadda muka tarar da rijiyar gidan. Tsabar sabo ne ya sa ba mu tuna ba. Mu biyu muka wuni muna gwada motoci, babu wanda ya buɗe ƙofar baya.

Na ce, "Inna, lalura ce. Kujerar nan tana gasa ƙugu."

"In zauna kafaɗa da kafaɗa da shi, gari yana kallo? Ƙugu ne ke min ciwo, kaina lafiyarsa lau."

Bayan baƙar ba a yi shi don tsohuwa ba. Rufin ya gangaro, sai ta sunkuya kafin ta shiga, kujerar kuma ta yi zurfi kamar rami. A burtalin da ya ratsa gonaki, cikin motar ya riƙa gogar ƙasa, kowace guga ina jin Inna tana jan numfashi. Ni kuwa ina gaba a kan kujerarta, ɗumi yana gasa min lafiyayyen baya, na rasa yadda ake kashe shi. A asibiti sai da wata ma'aikaciya ta taimaka kafin muka fito da ita. Da muka dawo ta ce min, "Ka ce wa wancan an gode, amma na gama zuwa."

Washegari da safe muka koma Ungogo.

"Alhaji, an dawo da amarya tun lallenta bai goge ba?" in ji dillalin.

Yaya bai yi dariya ba. Ya buɗe bayan ruwan tokar, ya ce in shiga yadda Inna take shiga, da ƙafa ɗaya a sanƙare. Ƙofar ta buɗu sosai, kujerar ta yi tudu, na zauna kamar a bakin gado, na miƙe ƙafa har ƙarshe. An yi musanya, Yaya ya ɗauki asarar da ke ciki, bai taɓa faɗa min yawanta ba.

Sai da na yi ta lallashi kafin Inna ta yarda ta gwada. Ta shiga da kanta, ta jingina da ƙofa, ta miƙe ƙafar a kan kujera. Muka wuce burtali ba mu taɓa ƙasa ba. Muna hawa kwalta sai ta yi gyaran murya.

"Ka ce wa mai jan nan ya rage gudu, ba kora aka yi mana ba."

Na juya na gaya masa, ko da yake ya ji da kunnensa. Ya rage. Sai na ga ya ɗaga hannu ya gyara madubin tsakiya, ya ɗan karkato shi. Ba motocin baya yake dubawa ba. Har muka shiga gari yana ɗaga ido yana saukewa, ita kuma tana kallon gonaki ta taga, kamar ba ta sani ba.