Ɓarin Tulun da Na Kifa a Kaina

Ni fa tun farko ban ce zan je ba, a rubuta wannan a ajiye. Ina zaune lafiya lau a rumfar cajin waya a Kasuwar Kwastam, ranar ma akwai ciniki, Baffa ya aiko wai in zo gida maza. Na ɗauka wani abu ne ya faru, ashe direban banza ake nema. A duk jikokin Kaka ni kaɗai ne na iya tuƙi kuma ba ni da aikin da za a ji nauyin katse shi. Masu jami'a suna da lakca, masu shago suna da shago, ni kuwa da na jingine boko a aji uku na sakandare, ko yaushe aka waiwaya ina nan kamar butar ƙofar masallaci.

Kaka shi ne ya haifi babana da Baffa. Abin da yake so shi ne a kai shi kufan garin da aka haife shi. A can aka binne mahaifiyarsa, kuma duk duniya babu mai rai da ya san daidai wurin sai shi. Shekaru hanyar ba ta biyuwa saboda rashin tsaro, da ta ɗan yi sauƙi kuma sai yanar ido ta fara rufe masa gani. Ya faɗa a gaban kowa a zaurenmu na unguwar Limanti, ya ce yana so ya nuna wa wani kabarin tun yana iya bambance tudu da rami, don kada a binne wurin tare da shi.

Ni da shi wasa muke yi, irin na jika da kaka, ba na raga masa. Na ce masa ya yi haƙuri mana, me ya sa zai wahalar da mutane da tafiya, ai kwanan nan za su haɗu da tsohuwar ba tare da an ƙona mai ba. Ya ɗaga sanda ya ce shi zai binne ni, ɗan banza mai kai kamar gwangwani. Aka yi dariya, aka sa rana.

Da sassafe muka ɗau hanya a tsohuwar motar Baffa, ni a sitiyari, Baffa a gefe, Kaka a baya ya rungume buta. Shinge bayan shinge, a sauka, a nuna kati, a buɗe but ɗin mota. Da kwalta ta ƙare muka shiga yashi, a nan bakin Kaka ya buɗe. Wai garin yana da ganuwa da ƙofofi, wai raƙuma na sauke kanwa a kasuwarsa, wai akwai marina da idan ka wuce sai ƙafarka ta yi shuɗi. Iyayensa da shanu suka zo suka zauna a gindin ganuwa. Daga baya rijiyoyi suka koma gishiri, hanyar mota ta bi ta wani wuri, kasuwa ta mutu, mutane suka riƙa zarewa gida-gida zuwa Yerwa, birnin da muke zaune. Ina jin rabi, rabi kuma ina lissafin irin bidiyon da zan ɗauko in yi wa 'yan rumfa burga.

Da muka isa sai na ji kamar an cuce ni. Na zaci zan ga fada da hasumiya. Ba komai sai tuddan ƙasa, da tumfafiya, da suri, da guntun bango can gefe kamar haƙori ɗaya a bakin tsohuwa. Ko kukan akuya babu. Kaka ya fito ya gyara hula, ya fuskanci wannan fili ya yi sallama da ƙarfi. Ni kuma na maƙe murya irin ta tsofaffin mata na amsa masa, har da wushe wushe, gaisuwar mutanen yankin, maraba da baƙin birni. Baffa ya harare ni, Kaka kuwa dariya ya yi.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne tafiyarsa. Mutumin da a gida sai an riƙe masa hannu zuwa masallaci, a nan shi ke gaba. Nan masallacin Juma'a, nan rumfar mahauta, nan gidan wani mai jaki da ba ya ba da aro. Da muka zo gidansu, fili ne fetal, taku biyu ka shiga. Ya ƙi. Sai da ya zagaya ya bi ta inda ƙofa take a da, ya ce shi ba ɓarawo ba ne da zai haura katanga. Baffa ya bi shi ta ƙofar. Ni na tsallaka ta kan katangar da babu, ina cewa a kira 'yan sanda.

Rana ta take, Kaka ya ce a fara yin azahar tukuna, ba ya son ya je gaban uwarsa da salla a kansa. Baffa ya zaunar da shi a inuwar guntun bangon yana zuba masa ruwan alwala. Na ce zan kewaya in dawo. Gaskiyar magana sabis ɗin waya na tafi nema.

Bayan ganuwa ta gabas na tarar da wani fili shimfiɗaɗɗe, ciyawa ta bushe, ƙarangiya ta cika shi. Cikin ciyawar sai ga ɓarin tukwane da tuluna a kife, nan ɗaya can ɗaya, wasu da zane a wuya, wasu baƙi wuluk. Na ce yauwa, ga kicin ɗin mutanen da. Ni maƙabartar da na sani ita ce ta cikin gari, mai katanga da ƙofa da mai gadi, kowane kabari da tudunsa da allon ƙarfe mai suna. Nan kuwa ruwan sama ya daɗe da baje komai. Ko a mafarki ban kawo ba.

Na shiga tsinta. Ina zaɓen masu kyau, in ɓamɓaro su daga ƙasa, in karkaɗe gara, in kai kan wani kututture in jera. Na kwaso sun fi goma. Wanda ya fi kyau rabin tulu ne, ja, da layi uku a wuya. Shi na kifa a kaina kamar hular soja, na kunna kyamara, na fara surutu. Na ce jama'a ga ni a gidan tarihi, ga kwanon tuwon sarki, ga kofin shayin matarsa, wanda ke son saye ya yi magana. Har rawa na taka.

A haka suka same ni. Baffa ne ya fara tsayawa. Kaka da ke riƙe da kafaɗarsa ya tambaye shi me ya gani, Baffa ya ƙura mini ido. Ni dai na ga fuskarsa, na sauke abin daga kaina a hankali.

Kaka ya miƙo hannu na ba shi. Bai kai shi kusa da ido ba, da yatsu ya bi wuyan, layi ɗaya, biyu, uku, ya tsaya a wani ɗan gurbi da ya ɓalle a baki. Ya daɗe a nan. Sannan ya tambaye ni, muryarsa ƙasa-ƙasa, daga ina na ɗauko.

Baffa ne ya yi mini bayani, yana magana haƙoransa a cije. Mutanen garin ba sa kafa allo. In an binne mutum, ɓarin tulunsa ko tukunyarsa ake kifawa ta wajen kai, danginsa su gane. Wannan tulun mahaifiyar Kaka ne, da shi take ɗebo ruwa, kuma shi da kansa ya fasa shi ranar jana'iza ya kifa. A da akwai wata aduwa da yake kwatance da ita, masu itace sun sare ta, kututturenta ma ba mu tabbatar ko shi ne wanda na yi shago a kai ba. Tulun ne kaɗai ya rage.

Na ce ai ba matsala, yanzu zan mayar. Na ruga cikin ciyawar. Duk inda na cire abu ya bar da'ira mai danshi, tururuwa na ta gudu a ciki. Da'irorin suna nan, amma wace ce ta wa? Na yi ta zagaye, ƙarangiya ta cika mini wando. Na duba bidiyon ko zai taimaka, ashe sai da na gama jerawa na kunna. Babu komai a ciki sai ni da hula ina rawa. Har yau yana cikin wayata, ban ɗora ba, ban goge ba, ban kuma sake kallo ba.

Daga ƙarshe na zaɓi wata da'ira da ta yi kama da girman tulun, na nuna da ƙarfin hali na ce nan ne.

Kaka ya ce, “Abokina, za ka rantse?”

Ni da nake rantsuwa sau ɗari a rana a kan cajar da na san jabu ce, wannan rantsuwar ta fi ƙarfina. Na sunkuyar da kai. Ya jira ni, ya ƙara jira, sannan ya gyaɗa kai kamar wanda aka gaya wa farashin da dama ya sani.

Ya sa na mayar da sauran ɗaya bayan ɗaya, kowanne inda ya fi dacewa da bakinsa, ina yi ina neman gafarar mutanen da ban san sunansu ba. Na uwarsa kuwa ya hana a kifa a ko'ina, ya ce ba zai ɗora tulunta a kan wani ya zo yana kiransa Inna ba. A bakin filin ya ajiye shi. Ya tsaya ya fuskanci maƙabartar gaba ɗaya ya yi addu'a, doguwa, kansa na juyawa dama da hagu kamar mai neman fuska a cikin taro. Baffa ya ce mu tafi kafin a rufe hanya.

Muka kamo hanyar gida. Na fi son a zage ni, ko Kaka ya ɗaga sandar nan. Sai da muka wuce shingen ƙarshe, warin bandar kifi na Baga Road ya fara shigowa mota, sannan Baffa ya fashe. Ya ce ni ba ni da hankali, komai wasa, komai waya, an kai ni gaban iyaye na je na yi musu rawa a ka.

Da na yi shiru da ya fi. Amma kunya in ta yi mini yawa baki take koma mini. Na ce to laifina ne da ba a sa katanga ba? Wa ya gaya mini? Su da suka san darajar wurin me ya sa suka bar shi wa gara suka taho birni sayar da raguna? Baffa ya ce in rufe masa baki, na ƙi. Na ɗauko malanta, ni da ko izu biyu ban haɗa ba. Na ce ai malamai sun faɗa, addu'a daga ko'ina tana isa, ba sai an tsaya a kan kabari ba, kuma Allah ya san inda take, tulu ko ba tulu.

Daga baya Kaka ya yi gyaran murya. Ban ga fuskarsa ba sai a madubi, idonsa na waje.

“Allah ya san inda take tun kafin in kifa tulun,” ya ce. “Ba shi na ɗauko a mota in nuna wa ba.”