Ranar da Na Tare wa Surukina Ƙofar Fada

Malam Edita, a ƙarshen mulkin soja, dab da komawa farar hula, ni ɗan kamasho ne a tashar motocin Bukuru, kuma duk unguwar Gangare an san bakina. In na ƙwala kiran fasinja, mutumin can unguwar Kabong mai nisa ma sai ya fara neman takalminsa. Ina da budurwa, 'yar wani dattijo dillalin dankali, har manya sun shiga maganar an kai goro.

Da damina ta sauka sai amai da gudawa ya shigo gari. Abokina bakanike, yau mun ci tsire muna yi wa juna tsiya, washegari ni na kama makararsa. Nan basarakenmu, wanda ba zan kira sunansa ba, ya ce a rufe fada, ba gaisuwa, ba zaman zaure, mai magana ya faɗa daga waje. Dalili kuwa, a zauren akwai randa da moɗa ɗaya tal, kowa ya faɗi gaisuwa sai ya ɗiba ya sha, kuma a nan yaran gidan suke sha. To dogarawan tsofaffi ne, duk wanda ya zo sun san kakansa, kunya ba ta barin su su hana. Sai wakilin fada ya ce a nemo marar kunya ya tsare ƙofa. Wallahi ko shawara ba a yi ba, gari gaba ɗaya ni ya nuna.

Na ji daɗin aikin nan, ba ƙarya. Na koro alhazai masu babbar riga. Wani oga mai kwat ya tambaye ni ko na san shi wane ne, na ce ni dai na sani, cutar ce ba ta yi boko ba. Ina ta fankama, ban san nawa yana hanya ba.

Ranar wata Juma'a sai ga surukina. Daga wankan gawar maƙwabcinsa yake, wanda cutar ta ɗauka, hannun rigarsa ko bushewa bai yi ba, ya zo sanar da fada rasuwar kamar yadda aka saba. Kun san kunyar suruki. Mutumin da in na hango shi a lungu, gara in faɗa kwata da mu haɗa ido. Na cire takalmi, na tsuguna, na sunkuyar da kai, amma fa a tsakiyar ƙofa, bayana jingine da sakata. Na gaishe shi, ya amsa, ya ce in matsa. Na tambayi gajiya. Ya ce in matsa. Na tambayi mutan gida, na tambayi kasuwa, har dankali na gaisar. Ya ce tun ba a yanke mini cibiya ba yake shiga fadar nan. Na ce Baba gaskiya ne, amma ya ba ni saƙon in kai, don yau kam sai dai ya taka ta kaina. Jama'a suka taru, wani tela yana ta ƙyaƙyata dariya, wai ango ya zama ƙyaure. Dattijo ya fusata, ya ce in zaɓa, ko ƙofar nan ko 'yarsa. Ta tsagar ƙyaure ina hango yaran gidan suna guje-guje kusa da randa, kafaɗata kuma ba ta manta nauyin makarar abokina ba. Ban tashi ba.

Kafin la'asar an dawo mana da goronmu. Kawuna ya ce na zubar da mutuncin dangi har na jikokin da ba a haifa ba. Yarinyar ta aiko a gaya mini ko taga ce ai da na buɗe wa babanta. Daga baya ta auri wani ma'aikacin reluwe. Da cuta ta lafa aka buɗe fada, aka sallame ni da sannu da aiki da wata tsohuwar hula.

Kada ku zaci surukin nawa ya kwanta ciwo. Ko atishawa bai yi ba! Ya ga jikoki, kuma har ya bar duniya bai ƙara amsa gaisuwata ba, sai dai ya nuna ni da sanda ya ce ga likitan tasha nan. Mutane suna cewa na yi asarar mata a banza. Na yi kukanta, ban ɓoye ba, na yi har 'yan tasha suka ce in tausaya wa kwata kada hawayena su cika ta. Amma nadama? A'a. A ranar, ni ban san abin da ke hannun rigarsa ba, shi ma bai sani ba, yaran nan kuwa ba wanda ya tambaye su.

Don haka samari, in aka ba ku tsaron ƙofa lokacin annoba, ku sani ba baƙo ne zai gwada ku ba, naku ne, wanda kuka fi jin nauyinsa. Ka cire takalmi, ka tsuguna, ka ba shi girmansa duka. Amma kada ka matsa.