Bakin Tulun da na Kafa a Kufai

Rubuta yadda na faɗa, ɗan nan, kada ka gyara mini. In ka ga ina kuka, ka ci gaba da aikinka.

Ɗa guda Allah ya ba ni, bai yi wata biyu ba ya koma. Maigida yana cin rani a lokacin, surukina ne ya binne shi a bayan ɗakina, a tsohon ƙauyenmu na yamma da Rogo. Da kowa ya watse, na fasa tulun aurena mai zanen igiya, na kafa bakinsa a wurin don in riƙa ganewa. Ban nuna wa maigida ba. Ɗan fari ne, a zamaninmu mace ba ta ko kama sunansa, balle ta ja miji ta ce ga inda yake.

Rijiya ta ƙafe, muka tashi muka bar wurin ya zama kufai. Surukina ya rasu, ɗakuna suka rushe. Amma in na je itace nakan ratsa, in ga bakin tulun, in wuce.

Sai wani Bature ya zo daga Karaye da tafintansa. Aka ce aikinsa rubuta labarin mutanen da, daga abin da suka bari a ƙasa. Dagaci ya ba shi leburori, har da maigida. Suka tone tsohuwar maƙerar kufai, suka bi fili suna tsince duk tsingaron da suka gani.

Maigida ya dawo da yamma yana dariya. Ya ce, "Ke, yau na ga mutumin da ke shafa fasasshiyar tukunya kamar jariri! Har wani bakin tulu mai zanen igiya na ciro masa, ya sa a akwati."

Ina tuƙa tuwo. Na ce, "Sannu da aiki, Malam."

Da safe na je kufan. Ƙasa duk an birkice ta, ko'ina iri ɗaya. Na yi ta zagaye har rana ta take.

An ce Baturen ya yi littafi, har da hoton tsingaron. To, tuluna yana da wurin zama a ƙasar Turawa. Kufai kuwa gonar gyaɗa ce yanzu. Maigida ya rasu bai sani ba. Ni kaɗai na san yaron yana can, kuma ni ma ban san inda zan tsaya in yi masa addu'a ba.