Salon Baffa a Bakin Wani

Baffana, ƙanen mahaifina, makaɗin garaya ne a Fassi. Noma ne sana'arsa, garayar kuwa sai bayan girbi, in ana biki. Yana da wani salo da duk wanda ya tashi a yankinmu ya sani. Yana cikin kiɗi sai ya danne tsirkiya da tafin hannu, sautin ya shaƙe, sannan ya ja murya ta hanci ya sake ta a hankali.

Wata ranar kasuwar Rano na tsaya a rumfar masu tura waƙa a waya, sai na ji wannan shaƙewar ta fito daga sifika. Waƙar soyayya ce ta situdiyo, da fiyano, muryar wani saurayi da ban sani ba. Amma dannewar ta Baffa ce, jan hancin ma nasa ne. Na sa aka tura mini, na kai masa.

Ya saurara har ta ƙare, ya ce, "Baitin ba nawa ba ne. Tafiyar dai tawa ce."

Baffa bai taɓa shiga situdiyo ba, don haka wani ne ya kai salon can. Zuciyata ta tafi kan ɗan amshinsa, wani mutumin Kibiya da ya daɗe yana binsa. Tun rani yake yawan zuwa Kano, wai duba 'yar'uwarsa marar lafiya. Ya kuma dawo da sabuwar waya, wadda yake sakawa a aljihun gaba, kanta a waje, duk sanda Baffa ya ɗauki garaya.

Na kunna masa waƙar na ce, "Malam, ka san wannan?"

"Na ji ta a mota," in ji shi, ya ci gaba da gyaran takalminsa.

Kowa na kunna wa sai ya ce ai wannan Baffanki ne. Shi kaɗai bai faɗa ba.

Mijin wata abokiyar aikina a makarantar da nake koyarwa lauya ne, sai na je wurinsa. Ya tambaye ni ko kalmomin ɗaya ne, na ce a'a. Ko karin waƙar ɗaya ne, na ce shi ma ya bambanta. Ya sake saurara, ya ce babu sautin garayar Baffa a ciki, na'ura ce ta kwaikwaya.

"Malama, doka tana kare baiti da kari da abin da aka naɗa. Salo kuwa ba ta kare shi. Yadda mutum yake danne tsirkiya ko jan murya, kowa na iya ɗauka."

Saurin amsar tasa bai yi mini ba. A hanya har na riƙa tunanin ko ya san masu situdiyon.

Da na gaya wa Baffa amsar lauyan da zargin da nake yi wa ɗan amshin, sai ya ce shi ma jan hancin a bakin wani makiyayi ya ji shi a Zurgu, yana saurayi, mutumin yana lallashin shanunsa a mashaya.

"Amma ni na tsaya na gaishe shi, na ce masa zan ɗauka."

Bai kori ɗan amshin ba, bai kuma tambaye shi komai ba. Bayan damina aka gayyace su biki a Rurum Sabon Gari, ni ma na je. Baffa na danne tsirkiya sai wani matashi ya matso yana dariya ya ce, "Baba, ashe ka iya kwaikwayon waƙar nan ta waya."

Baffa ya tsaya. Ya juya ya dubi ɗan amshin, shi kuwa ƙasa yake kallo. Ko kunya ce ta laifi, ko tausayin tsohon ne, har yau ban sani ba. Baffa ya ƙarasa kiɗin a miƙe, babu dannewar, muka dawo gida a mota ɗaya da shi da ɗan amshin.