Zaharadeen, Mai Raba wa Saƙo Hanya

Kullum da hantsi Zaharadeen zai jingine babur a ƙofar ofishin ƙungiyar makiyaya da ke Kazaure, ya buɗe kwamfuta, ya ƙura mata ido har azahar. Shekara da shekaru ke nan, amma Malam Lauwali, shugaban ƙungiyar, ya rantse bai gane aikin ba.

"Wai me kake yi ne, ɗan nan?"

"Baba, saƙo nake raba wa hanya."

"Ikon Allah! Hanya a cikin wannan allon?"

To, ga ɗan abin da Malam Lauwali ya tsinta. Idan dabba ba lafiya, makiyayi ya tura saƙo ta waya, manhaja ta miƙa wa likitan dabbobi. A da ƙa'idar a sandare take: mai rajistar Roni, likitan Roni kawai. Yo ina ruwan saniya da rajista? Da an yi shuka garke ya yi gaba. Sai Zaharadeen ya rubuta wa manhajar wata 'yar dabara tasa, mai tare kowane saƙo ta duba: ina wayar take yanzu, wannan likitan yana kusa, yana bakin aiki? In ya dace ta ce e, in bai dace ba a gwada na gaba.

"Wa ke tambayar, wa ke amsawa?" An yi ta bayani, Malam Lauwali ya ce a bar shi haka, kansa ya ɗau zafi.

Amma gani ya kori ji. Ƙanwar Malam Lauwali, Shatu, mai rajistar Roni, tana wajen Kanya Babba, kusa da Babura, haihuwa ta zo wa saniyarta da gardama. Ita ke nan gare ta, da nononta take riƙe marayunta. Da tsohuwar ƙa'ida ce, kafin likita ya taso daga Roni sai dai a nemi wuƙa. Likitan Babura saƙon ya samu, ya iso a kan lokaci, uwa da ɗa suka miƙe.

Shatu ta yi ta sa wa likita albarka. Malam Lauwali ya ce ta haɗa da Zaharadeen.

"Shi ya zo, Yaya?"

"A'a."

"Shi ya kira likitan?"

"Ba shi ba ne... amma kuma shi ne."

"To me ya yi?"

Malam Lauwali ya sosa ƙeya.

Zaharadeen, kai ne gada, a taka ka a wuce ba a waiwayo ba. Mun gode, Allah Ya saka da alheri. Matasanmu masu kwamfuta, ku yi koyi da shi, ku gyara ƙa'ida ta bi mutane inda suke. Mu dai har yau ba mu gane aikinka ba, amma maraƙin Shatu yana can yana tsotso.