Ƙofar Baya ta Filinmu

A gindin Goron Dutse akwai wani fili da nake ɗaga ƙarfe. Ƙarfen ma gwangwanayen fenti ne biyu cike da siminti, an soke su da bututun famfo. Idan ba kowa a wurin ina ɗaga shi sau ɗari. Idan da shaidu, sau uku.

Mai tsaya mini a kai, ya cafe ƙarfen kafin ya sauko mini a maƙogwaro, wani abokina ne ɗan Barno. Yaƙi ne ya koro su, suka kama haya a Gwammaja. Siriri ne kamar tsinken tsire, amma hannunsa bai taɓa makara ba. Duk inda muka je, sai ya duba ta ina ake fita kafin ya zauna. Na sha tsokanarsa a kan haka.

Da awaki da masu zubar da shara suka ishe mu, dattawan unguwa suka kewaye filin da katanga, aka sa ƙofa ɗaya. Ranar da aka gama, abokina ya zo ya toge a bakinta.

"Shigo mana, Alhaji ƙashi-da-rai," na ce. "Ko tikiti kake jira?"

"Ina ɗaya ƙofar?"

"Wace ɗaya? Kasuwar Kurmi aka ce maka?"

"Filin makarantarmu ma ƙofa ɗaya gare shi," in ji shi. "Ta nan suka shigo."



Bai ƙara shiga ba. Sauran yaran 'yan ƙwallo ne, ba mai lokacin tsaya wa wani a kai. Sai in kwanta a benci in kalli ƙarfen, shi ma ya kalle ni.

Na samu dattijon da ya jagoranci aikin katangar.

"Baba, a fasa mana ƙofa ta baya."

"Don awaki su samu hanya biyu?"

Na dinga tare shi bayan kowace salla, har ina zargin ya sauya masallaci saboda ni. Na ce iska ba ta shiga. Na ce na ga maciji mai tsawon motar haya. Da ƙaryata ta ƙare, na faɗa masa abin da abokina ya ce. Ya daɗe yana jan carbi.

"Allah ya kyauta. Bari damina ta wuce, a kira magini."

Kafin damina ta wuce, garinsu ya lafa, babansa ya ce gida za su koma. Da ya zo sallama, a wajen katanga muka tsaya. Ya ce ana sake gina makarantarsu, kuma zai gaya wa masu aikin su yi wa filin ƙofa ta kowace kusurwa.

An fasa ƙofar bayan tafiyarsu. Na farfashe rabin simintin gwangwanayen, don abin da zan iya ɗagawa ni kaɗai ke nan. Na juya bencin yana kallon sabuwar ƙofar. Har yau ba mai shigowa ta nan sai awaki.

Dattijon nan in ya zo wucewa sai ya leƙo. "Ƙofarka ce, tashi ka kore su."

Wani lokaci nakan ƙyale su su ɗan zauna.