Nuraddeen Mai Wayit da Mutanen Layin Sabil

Nuraddeen ɗan Mai Wurno ne, wani garin Hausawa a bakin kogi a ƙasar Sudan. Kakansa ya taso daga wajen Haɗeja a ƙafa da niyyar Makka, ya yada zango a can don ya yi noman shekara ɗaya ya samu guzuri, sai zangon ya zama gida. Jikan ne ya tsallaka tekun. Ya shigo jirgin ruwa daga Sawakin a 1998 yana ɗan shekara ashirin da huɗu, ya sauka a Jidda da jaka ɗaya da sunan wani ɗan garinsu da aka ce masa yana zaune a unguwar Sabil.

Ɗan garin nasu ne ya kai shi aikin wayit, wato motar tankin ruwa. Jidda gari ne na bakin teku, amma ruwan gida yakan ɗauke, wani lokaci kwanaki. Idan tankin gida ya ƙafe, mai gida zai je ashyab, inda motocin ke jeruwa suna ɗibar ruwa, ya yanki takarda, ya shiga gaba da motarsa direba na bin sa har ƙofar gida. Nuraddeen ya fara da jan tiyo. Bayan shekara uku kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a takardun zama, ya yi masa lasisi ya ba shi mota, kuma tun daga nan bai canja sana'a ba. Larabawa na kiran sa Abu Wejdan, da sunan 'yarsa tilo. Mu kuwa Nura muke ce masa.

Ni tela ne, daga Gusau na zo a 2003, kuma shagona yana kallon ƙofar gidansu. Mutum ne dogo siriri, ba mai yawan magana ba, Hausarsa ta Sudan akwai kalmomin da ban taɓa jin su a bakin kowa ba sai kakata. Motarsa ba ta iya shiga layinmu saboda ƙunci, a bakin titi yake ajiye ta. In ya dawo da ragowar ruwa a gindin tanki yakan buɗe wa mata su cika jarkoki, shi yana tsaye gefe yana goge wuya da tawul.

Layin namu gajere ne amma ya tara mutane. Akwai mu 'yan Najeriya, akwai 'yan Nijar, akwai Hausawan Sudan, ga kuma waɗanda har iyayensu a Jidda aka haife su, masu fara magana da Hausa su ƙare ta da Larabci. Mai kantin kusurwa ɗan Yaman ne, ya iya gaisuwa da Hausa har da tambayar gajiya. A tsakiyar layin, a kan wata kujerar roba, Inna Barakatu take zama da faifan gyaɗa da ƙullin kuka da daddawa. A layin aka haife ta. Ba wanda yake wucewa bai tsaya ba, kuma duk wanda aka kwana biyu ba a gani ba, ita za ta fara tambaya.

A ƙarshen 2021 aka fara rushe tsofaffin unguwannin kudancin gari don sabon gini. Wata safiya muka tashi muka ga an rubuta alama da jan fenti a bangon gidajenmu. Kowa ya shiga neman inda zai sa kansa. Ba mu yi sallama yadda ya kamata ba, domin kowa da ranar da motar kayansa ta zo. Nura da matarsa Sajida da Wejdan suka samu ɗaki biyu a Sharafiyya. Ni na koma wani ɗaki kusa da Balad, ni da kekena. Wasu suka yi Harazat, wasu Bahra, wasu Makka, wasu suka tattara suka koma gida gaba ɗaya.

Wata takwas ban sa Nura a ido ba. Waya tana nan, amma mutum in ya koma inda bai kai na da ba yakan ji nauyin a tambaye shi ina yake. Tsofaffi kuma da ma ba ta waya suke zumunci ba.

Cikin watan Agusta, ranar da zafi da laima suka haɗu har riga na manne wa mutum a baya, Nura yana cikin layi a ashyab sai ya ji an buga ƙofar motarsa. Abdulghani ne, ɗan Inna Barakatu, ma'aikaci a wani kamfanin jigilar kaya. Ya zo sayen ruwa, ya gane motar. Suka gaisa, Nura ya tambayi Inna. Abdulghani ya ce tana wurinsa a Safa, hawa na huɗu, ɗaki mai sanyi da komai, amma ta daina cin abinci sosai, magana ma sai ta kama. An kai ta asibiti sau biyu ba a ga komai ba. Jikokinta Layan da Joud suna jin Hausa amma da Larabci suke amsa mata, matarsa kuma tana fita aiki.

Nura ya bi shi har Safa. Ya zura tiyo a tankin ginin, ya roƙi mai gadi ya kula masa, ya hau sama da kayan aikinsa a jiki. Ya same ta zaune a kujera kusa da taga, ta rame. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta daɗe tana kallonsa kafin ta ce, "Nura ne? Ina Sajida?"

"Tana lafiya, Inna. Muna Sharafiyya."

"Tela fa? Zubaidatu mai lalle fa? Mahmudu, ƙafar tasa ta warke?"

Haka ta bi layin gida gida, tun daga kusurwa har ƙarshe, ba ta tsallake kowa ba. A cikin duk waɗanda ta lissafa, mutum biyu kawai ya san inda suke. Ya gaya mini daga baya cewa bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Da zai tafi ta ce masa, "Kai da kake yawo garin nan kullum da mota, ka rasa inda mutane suke? In ka sake zuwa ka zo mini da labari."

Ni ya fara samu, domin ya san tela ba zai yi nisa da kasuwar yadi ba. Ya bi shagunan Balad yana tambaya har aka nuna masa benena. Ya zauna a kan tarin atamfa, muka sha shayi, ya ce in faɗi wani abu a wayarsa zai kai wa Inna. Na gaishe ta, na ce ina nan da raina. Sannan ya tambaye ni wa na san inda yake. Na ce na ji Zubaidatu tana Bahra wurin 'yar'uwarta.

Haka ya riƙa yi. Duk wanda ya samu, zai ɗauki muryarsa, ya kuma nemi ya nuna masa mutum ɗaya. Idan aka tura shi kai ruwa wata unguwa, yakan tsaya masallacin wurin ya yi salla, ya duba fuskoki, ya tambayi duk wanda ya ji yana Hausa. Wannan ratsen ya jawo masa faɗa. Mai kula da motocinsu ya lura yana daɗewa bai dawo layi ba, ya gargaɗe shi a gaban sauran direbobi. Nura ya amsa laifinsa, ya daina ratse da motar aiki, ya mayar da neman ranar Juma'a. Abdulghani ya riƙa ɗaukarsa a motarsa bayan an sauko daga masallaci, wani lokacin har da ni.

Mun samu Mahmudu a Harazat. A da wankin mota yake yi, amma ciwon ƙafar ya zaunar da shi a wani ɗaki a bayan gareji. Da Nura ya kunna masa muryar Inna tana yi masa faɗan rashin shan magani, sai ya juya fuskarsa bango, muka jira shi har ya gama kukansa. Ba kowa ne ya yi murna da ganinmu ba. Rafi'u mai shayi, wanda a da bencinsa ke cika kowace yamma, mun same shi yana gadin wani sito. Ya ba mu hannu daga bakin ƙofa, ya ce yana gaida kowa, amma kada a sa muryarsa a waya kuma kada mu faɗi inda yake. Nura ya yi masa alkawari, kuma har yau bai saɓa ba.

Kowace Asabar yakan hau wurin Inna ya kunna mata abin da ya tattaro. Waɗanda suka koma Damagaram da Kano ma suka fara aiko da nasu, domin Wejdan ta buɗe mana zaure a waya ta zuba kowa a ciki. Inna takan saurara, ta sa a maimaita, ta ba da amsa mai tsawo. Abdulghani ya ce tun zuwan Nura na uku ta fara neman tuwo.

Sajida ce ta ce muryoyi sun isa haka, a ga juna. Aka sa ranar Juma'ar farko ta watan Janairu, bayan la'asar, a bakin teku. Nura ya sa ran mutum arba'in. Sha ɗaya muka zo. Iska ta yi ta ɗaga tabarmi, shayin ya huce kafin a zuba, waɗanda suka zo daga Bahra suka yi ta kallon agogo saboda mota. Na ga jikin Nura ya yi sanyi. Amma da Abdulghani ya turo Inna a keken marasa lafiya, Zubaidatu ta tashi da gudu ta faɗa jikinta, suka riƙe juna suna kuka suna dariya, har masu wucewa suna waiwaye. Kafin magariba Inna ta yanke cewa wata mai zuwa a nan za a sake haɗuwa, kowa kuma ya zo da wani.

Wata na biyu mun haura talatin. Yanzu ba ma ƙirgawa. Kowace mace na zuwa da kularta, masa da miyar taushe, kisira ta mutanen Sudan, shinkafa da kifi irin ta Jidda. A kan tabarmin nan aka samo wa Mahmudu aikin zama a shagon wani mai sayar da turare. Wejdan takan zauna gefe da waya tana duba wa tsofaffi ranar ƙarewar iƙama, wato takardar izinin zama, da ranar ganin likita. Ni ma rabin ɗinkin sallata daga can nake kwasowa. Layan da Joud sun fara haɗa Hausa, karkatacciya dai, ana yi musu dariya suna ramawa da Larabci. Mai kantin nan ɗan Yaman ya ji labari ya zo sau ɗaya da katan ɗin ruwa, ya gaida kowa da gajiya.

A daminar 2024 yaƙin Sudan ya kai yankin su Nura. Kwana goma sha tara bai ji ɗuriyar mahaifiyarsa ba. Yana zuwa aiki, amma Sajida ta ce abinci sai ta tsaya a kansa. Daga baya aka kira shi daga Bur Sudan, garin bakin teku, cewa tsohuwar ta iso tare da ƙanensa. Abdulghani, da ya san kan takardu, shi ya yi ta zirga-zirga har aka samo mata izinin ziyara. Ranar da ta sauka, mota uku muka je tarbarta. Zubaidatu ta kawo katifa, wani ya kawo fanka, ni na ɗinka mata kaya kala uku da awon da na ƙiyasta daga hoto, biyu suka yi mata daidai.

Tsohuwar ba ta saba da zaman ɗaki ba, kwana kaɗan ta fara cewa a mayar da ita. Da Inna Barakatu ta ji, sai ta kira Nura ta ce, "Ka bar baiwar Allah a kulle kamar kaza? Kawo mini ita nan." Tun daga lokacin, kwana uku a mako Abdulghani yakan biya Sharafiyya da safe ya ɗauko ta ya kai Safa. Ɗaya ba ta taɓa ganin ƙasar Hausa ba, ɗayar ma haka, amma sukan wuni suna gardamar wadda Hausarta ta fi asali.

Inna ta haura tamanin, wani watan jiki ba ya barin ta fito teku, sai a kai mata abincinta gida tare da duk wanda ya samu wuri a mota. Nura kuwa bayansa ya fara damunsa, likita ya ce ya rage zaman mota. Yana cewa nan da shekara biyu, in Wejdan ta gama karatun jinya, zai ajiye makulli. Na tambaye shi ko Mai Wurno zai koma in an samu lafiya. Ya ce zai kai tsohuwa dai ta ga gidanta, ya gyara mata rufi, sannan ya ga abin da Allah zai yi. Sajida tana gefe tana zuba shayi, ta ce ita kam ta riga ta gaya wa Zubaidatu wata biyu kawai za su yi a can su dawo.